Ƙofar Inna da Esin da Ya Ƙi Hutawa

Shekarun baya, a wata bazara da zafinta ya kai mutum ya ji haushin rigar jikinsa, na sa wa mahaifiyata esi, wato injin sanyaya ɗaki, a ɗakinta, a gidanmu na Talata Mafara. Jiya wani ya tambaye ni a nan abin da ke sa esi ya yi ta aiki ba ya tsayawa. Na fara rubuta masa amsa irin ta masu gyara, sai na dakata. Na ce bari dai in ba ku labarin gaba ɗaya, mai neman gyara ya tsinci nasa a ciki.

Ni ne ɗan fari a wurin Inna, haka muke kiranta. Duk wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da hakan ke nufi. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta zama ɗaki ɗaya da ni in da hali, kuma ba ta yi mini magana kai tsaye. In na durƙusa gaishe ta, sai ta amsa tana kallon bango, kamar bangon ne ya dawo daga tafiya. In tana son sanin ko na ci abinci, ƙanwata za ta tambaya, alhali ga ni zaune a bakin ƙofa: "Wancan ya ci wani abu kuwa?" Ina yaro abin na ci mini rai. Da na girma na gane alkunya ce, amma ganewar ba ta raba ni da kwaɗayin ranar da za ta dube ni ta faɗa mini ko da kalma ɗaya ba.

Shi ya sa duk son da nake mata sai ya koma na kaya. Abin da baki ba shi da hanyar faɗa, sai in sayo in ajiye. A waccan bazarar hawan jininta ya tashi, ta yanke jiki ta faɗi a tsakar gida, likita ya ce a kiyaye ta da zafi. Ai kuwa kamar jira nake. Ina aiki a Maradun lokacin, na kira wani abokina mai gyaran firij da esi a Bakura, muka kafa sola a rufin gidan, muka ɗora esi a bangon ɗakinta. Ya yi mini bayani cewa in ɗaki ya yi sanyi daidai lambar da aka sa a rimot, injin zai tsaya da kansa ya huta, sai zafi ya dawo ya sake tashi. Da wannan hutun ne batir zai kai har lokacin kwanciya. Na gyaɗa kai kamar ni na ƙera shi. Inna ta ce wa ƙanwata, "Ki ce mishi Allah shi yi albarka." Na koma Maradun ina jin ba ɗan da ya kai ni.

Kafin in ci gaba, sai na gabatar muku da Goggo, don labarin nata ne fiye da na injin. Bafulatana ce daga wata ruga kusa da Damri, aminiyar Inna tun kafin a haife ni. Wata ranar kasuwa ta shigo gidanmu da ƙwaryar nono a ka tana neman ruwan sha, ta tarar da ƙofar Inna a buɗe, Inna kuwa da tsohon cikina. Ruwan da ta sha ke nan, zumunci ya ƙullu. Da man shanunta aka yi wa Inna miyar jegona. Tun daga nan, shekara arba'in da ɗoriya, kowace Talata in ta sauka kasuwa sai ta biyo da hantsi, ta sauke kaya, su zauna su yi ta hira har azahar. Ba ta da waya, Inna kuwa gwiwoyinta sun daina kai ta ko zaure. Zumuncin nan gaba ɗaya a ƙafar Goggo yake, da kuma ƙofar nan. Na san duk wannan sarai, amma a lissafina na injin sanyi ban sa shi ba.

Kwana huɗu da sa esi, ƙanwata ta kira ni. Ita ke zaune da Inna, tana koyarwa a firamare, ta fita da safe ta dawo bayan azahar.

"Yaya, injin ga naka ba shi hutawa. Tun sahe shina gunji, kahin la'asar batir ya mutu. Da maraice sai mahuci."

Na ce ta duba lambar rimot, ta ce tana nan yadda na bar ta. Na ce an rufe taga? Ta ce a rufe take ruf. Na kira abokina da ɗan zafi, don ni mutum ne mai saurin neman wanda zan ɗora wa laifi.

Ranar Asabar muka haɗu a gida. Inna na jin sallamar maza ta lallaba ta koma ɗakin ƙanwata, kamar yadda ta saba. Muka shiga, na maida ƙofa na rufe ba tare da na ko lura ba, irin sabon zaman ofis. Abokina ya ciro ragar da ke tace ƙura ya wanke, ko da yake ba ta yi dattin a zo a gani ba. Muka kunna, muka zauna muna hira. Ba a jima ba ɗaki ya ɗauki sanyi, sai muka ji ƙas, injin ya tsaya.

"Malam, esin ga lahiyatai lau," in ji shi. "Ga shi gabanka ya huta. Mi kaka son in gyara?"

Na koma Maradun. Litinin ƙanwata ta sake kira, maganar dai ita ce. Asabar ta biyu abokina ya zo da ma'aunin gas, ya auna, ya ce a cike yake. Ya hau ya wanke ɓangaren esin da ke waje. Muka rufe ƙofa muka gwada, ƙas, ya tsaya. Asabar ta uku na matsa masa sai da ya canja 'yar wayar da ke jin zafin ɗaki, yana rantsuwa tsohuwar ba abin da ya same ta. Har na fara zargin ƙanwata da ƙarin gishiri. Abokina kuwa ya ce shi bai taɓa ganin injin da ke da ladabi gaban baƙi ba, in sun juya baya ya koma halinsa. Mutum biyu masu gemu, mako uku muna kwance ƙarfe muna ɗaurawa, babu wanda ya waiwaya ya dubi abin da hannuna ke yi duk shigarmu.

Allah Ya sa wata Talata aiki ya biyo da ni ta Mafara, na ce bari in leƙa gida ba sanarwa. Tun daga zaure na ji wani sanyi-sanyi na dukan ƙafata. Ina shiga tsakar gida na tsaya. Ƙofar Inna a buɗe wangale, an tokare ta da dutsen guga, an naɗe labule an rataye. Takalma a jere a bakin ƙofa, ƙore a jere a inuwar dalbejiya. A ciki mata sun fi bakwai, wasu daga ƙauyen Garbadu, wasu daga rugage, ana ta raha. Esi kuwa bawan Allah yana can sama yana gumi, yana ƙoƙarin sanyaya ɗaki da tsakar gida da dalbejiya, har da akuyar maƙwabta da ta zo ta kwanta a bakin ƙofa.

Goggo ce ta fara ganina. Na durƙusa, muka yi gaisuwa mai tsawo, ta tambayi aiki da iyali da gajiya da zafi, na tambayi mutanen ruga da shanu. Sannan ta yi dariya ta ce, "Ɗana, ka maishe mu cikin randa. Allah shi ba ka mai yi ma." Inna na gefenta tana kallon bango, amma na ga gefen bakinta yana motsi. Ban taɓa ganin fuskarta a sake kamar ranar ba. Wannan ma na gani, ban sa shi a lissafi ba.

Abin da ke raina kawai shi ne na gano cutar. Da baƙi suka watse, ƙanwata ta dawo, na tsaya a tsakar gida na ɗaga murya ina yi mata bayani, don ta haka nake yi wa Inna magana. Na ce ga dalili, ƙofa ce. Na ce mako uku ana wahalar da mu, me ya hana ta faɗa? Ta dube ni da mamaki na gaske ta ce, "Yaya, taga ka tambaya. Ƙofar Inna ai kullum hakanan take." Na ce to daga yau a rufe, in ba haka ba injin zai ƙone, kuma likita ya ce zafi na iya kwantar da ita.

Daga cikin ɗaki Inna ta ce wa ƙanwata, a hankali, "Wa ka ruhe gambu da rana tsaka, in ba marowaci ba?"

Gambu shi ne ƙyauren ƙofa a bakin mutanenmu. Na ji maganar da kunnena. Amma tunda ba da ni ake ba, sai na yi kamar ban ji ba. Alkunyar da na yi shekaru ina ƙorafi a kanta, ranar ita na fake da ita. Wannan shi ne abin da har yau in na tuna nake jin kunyar kaina.

Don kada a manta a bar ta a buɗe, na sayo ƙarfen nan mai maida ƙofa da kansa, irin na ofisoshi, abokina ya ɗaura. Muka liƙa roba a ƙasan ƙyauren don kada sanyi ya zurare. Na ɗauke dutsen guga na kai bayan ɗakin girki. Muka gwada, ƙofa ta koma a hankali ta rufe kanta, ɗaki ya yi tsit sai shuuu na iska, can kuma ƙas. Bayan kwana biyu ƙanwata ta ce injin na hutawa, batir na kaiwa har lokacin kwanciya. Na ba da labarin a wurin aiki fiye da sau biyar, kowane karo ina ƙara wa kaina basira.

Abin da ban tsaya na auna ba abu biyu ne. Kunnen Inna ya yi nauyi, ga ƙyaure, ga roba, ga ƙarar iska. Na biyu kuma, matan nan ba sa ƙwanƙwasa ƙofa, ba sa tura ta. Sallama suke yi. In an yi sau uku ba a amsa ba, sai a juya, haka aka koya mana duka tun muna yara.

Talata ta farko suka zo suka yi sallamarsu, shiru, suka ɗauka barci take ko jikin ne, suka tafi. Ƙanwata ta dawo ta tarar da curin man shanu a ganye, an ajiye a inuwar randa. Inna ta ce ita ba ta ji kowa ba. Ba ta sa an tokare ƙofar ba, ta ce wa ƙanwata abin da yaro ya wahala ya kawo, ba ita za ta zama sanadin ƙonewarsa ba.

Talata ta biyu sai ta ja tabarma ta fito gindin dalbejiya tun da safe tana jira. Wasu sun zo, Goggo ba ta zo ba ranar. Inna ta ƙi komawa ciki har rana ta take, jiri ya ɗebe ta, sai da aka kira mai duba ta. Da labari ya iske ni na kira ƙanwata na yi ta faɗa, na ce ta sa wayar a kusa da Inna yadda za ta ji. Na ce kada a sake barinta ta zauna waje, wanda ke son ganinta ya shiga ciki. Ina faɗar haka ina jin ni mai kula da uwa ne.

Talata ta uku Inna ta zauna a ciki kamar yadda na ce. Ba ta kwanta ba. Ta ja kujera 'yar tsugune ta fuskanci ƙofa, ta kasa kunne.

Wata maƙwabciyarmu ce ta ci karo da Goggo a bakin hanya, ta fito daga gidanmu tana sauri, kanta ba kaya. Ta ce mata ai Inna na ciki, ta koma ta tura ƙofar kawai. Goggo ta ce, "Na yi sallama ukku, na zamna na ƙara jira. Gambun da anka ruhe, mai shi ka buɗe shi. Ban son in tada mai ciwo." Sannan ta ce rugarsu za ta tashi gobe da asuba saboda halin da daji ya shiga, shanu sun riga sun yi gaba, ita ma roƙo ta yi aka kawo ta, mota na jiranta. "Ki ce mata na zaka bankwana. Ta yahe mani, ni na yahe mata. In da rabo mu gana."

Maƙwabciyar ta ruga ta tura ƙofar ta faɗa wa Inna. Matar da ta yi wata da watanni ba ta taka zaure ba, ranar ta fita har ƙofar gida, ba takalmi, tana dafa bango. Aka bi Goggo tasha, aka tarar motar ta tashi. A bakin ƙofar ɗakin aka ga ƙwaryarta, tsohuwar nan mai zane wadda take ɗauko nono da ita tun ina yaro, an rufe ta da faifai. Tsakanin inda ta ajiye ta da inda Inna ke zaune tana jira, bai fi taku uku ba.

Washegari na bar aiki na taho. Na biya Bakura, abokina ya ɗauke ni a babur muka nufi Damri, muka yi ta tambaya har aka nuna mana wurin. Ba kowa. Sai turakun shanu da tokar murhu da bukkoki da aka kwashe wa kaya. Wani ya ce kudu suka yi, wani ya ce gabas, babu wanda ya san garin. Haka muka juyo.

Na iso gida da la'asar. Na tura ƙofar na durƙusa daga ciki, ta koma ta rufe kanta a bayana. Inna na zaune a bakin gado da ƙwaryar a cinyarta, ƙanwata a gefe. Wannan karon ba ta tashi ta bar ɗakin ba. Na dubi ƙanwata na ba ta labarin abin da muka tarar. Na gama. Ɗakin ya yi sanyi daidai yadda nake so, injin ya yi ƙas ya tsaya.

Sai na ji an ce, "Kai."

Na ɗago. Ni take kallo, ba bango ba. Shekara arba'in da ɗoriya ina jiran wannan.

"Buɗe mani gambuna."

Iyakar maganar ke nan. Ba faɗa, ba zargi. Na tashi na aro sukundireba, na hau kujera na kwance ƙarfen, ƙusoshin na zubewa ƙasa, ina share ido da hannun riga. Na ɓamɓare robar. Na je bayan ɗakin girki na ɗauko dutsen guga na tokare ƙofar da kaina, na naɗe labule na rataye. Zafin la'asar ya shigo, injin ya tashi. Inna ta mayar da fuskarta ga bango ta ce wa ƙanwata, "Wancan ya ci wani abu kuwa?"

Daga ranar esin bai sake hutawa ba. Batir ya koma mutuwa kafin la'asar, da maraice a ɗauko mafici. Abokina ya ce injin ba zai yi tsawon rai ba, na ce ya yi iya nasa. Matan Garbadu da na rugagen da suka rage suka dawo sannu a hankali, takalma suka sake jeruwa. Kowace Talata Inna kan sa a wanke ƙwaryar nan a kife a kan randa, ta zauna tana fuskantar ƙofa, duk sallamar da aka yi sai ta ɗan miƙe wuya. Ta yi shekara biyu a haka, Allah Ya karɓi abinsa a wata damina. Goggo ba ta dawo ba, kuma har yau ba mu ji inda take ba, ko tana raye.

Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni na shiga ɗakin da ba nawa ba, na ga inda rai ke shigowa na ɗauka yoyo ne, na toshe. Kuma an gaya mini, sai dai ba a kira sunana ba. Ina kewar Inna ƙwarai, jama'a. Ina kewar gaisuwar da take amsa wa bango, da "wancan" ɗin da nake jin haushi. Da za a dawo mini da Talata ɗaya, ba zan roƙi ta yi mini magana ba. Zama kawai zan yi a gindin dalbejiya in ji dariyarsu ita da Goggo na fitowa ta ƙofa.

To, kai da ka yi tambaya, ka wanke raga, ka sa a auna gas, ka duba lambar rimot. In duk lafiya, ka waiwaya ka dubi ƙofa. Amma kafin ka rufe ta, ka tambayi mai ɗakin wa take jira.

Ƙwaryar tana wurina yanzu, a falona na Maradun, a kan kabad. Ni ma ina da esi, kuma maiɗakina ta gaji da yi mini tsiya a kan barin ƙofa a buɗe. Wani lokaci yara kan rufe ba da sanina ba, ɗaki ya yi sanyi, in ji ƙas. Duk abin da nake yi sai in tsaya in kasa kunne. Sannan in tashi in buɗe, in leƙa, ko akwai mai sallama.